Matafiyi, Duba Rezar Da Za A Ɗora Maka A Ka



Duk wanda ya taɓa zuwa Asibitin Malam Aminu Kano da ke nan Gyadi-Gyadi don bai wa wani ɗan uwa jini, ya san ba a karɓar jinin mutum sai an auna shi. To, a nan ne samari da yawa ke fara jin labarin da ba shi suka zo nema ba. Saurayi majiyin ƙarfi, bai taɓa kwanciya asibiti ba, sai a ja shi gefe a ce masa jininsa ba zai yiwu ba, yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. In ya tambaya a ina ya samo shi, babu mai iya ce masa ga rana ga wuri.

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi. Tana shiga jini ta tare a hanta, tana iya yin shekara ashirin ko talatin tana ɓarna a ɓoye, sai ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a ce hanta ta ƙandare ko ta kamu da ciwon daji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita, kuma ta kashe kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari a shekarar. A Nijeriya kuwa, binciken ƙasa na 2018 ya samu kusan takwas cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna da ita. Ka tuna tsawon sahun da ka tsaya a ciki yau, sai ka yi lissafi da kanka.

Me ya sa na ɗauko maganar a kan matafiya? Domin matafiyi shi ne mai miƙa jikinsa ga wanda bai sani ba. Je ka tashar Unguwa Uku ka tsaya ka gani. Kafin mota ta cika, ga mai yankan farce yana zagayawa da almakashi ɗaya da ɗan soso mai kumfa, ya gama da wannan ya koma kan wancan. Ga mai aski a gindin bishiya. Ɗan ci-rani ya sauka Legas ko Fatakwal, zazzaɓi ya kama shi, ya faɗa kemis ɗin da ya fara gani a yi masa allura, bai ko dubi inda aka ciro sirinjin ba. Wani kuma jiki ya yi tsami, ya nemi wanzami ya yi masa ƙaho. Ita wannan ƙwaya tana rayuwa a busasshen jini a bakin ƙarfe har kwana bakwai, kuma jinin da ido ba ya gani ma ya wadatar da ita. Goge aska da tsumma ba ya kashe ta. Ƙofar zina kuwa, wal'iyazu billahi, a buɗe take gare ta, wannan ba sai an tsawaita ba.

Hatta mai tafiya aikin Hajji bai tsira ba. Ranar goma ga Zulhajji a Mina, dubban ɗaruruwan kawuna ake askewa. Hukumomin Saudiyya sun ware wanzamai masu lasisi da ke amfani da reza sau ɗaya su yar, amma gudun layi da tsimin Riyal kan sa alhazai su zauna su aske juna da reza guda. Kai jama'a! Mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, ya dawo da tsarabar da za ta bi shi har kabari? Kuma kada wani ya ce ai an yi masa allurai kafin tashi. Waɗancan na sanƙarau ne da zazzaɓin shawara da shan inna. Zazzaɓin shawara sauro ke kawo shi, kamar suna ce kawai ta haɗa shi da shawarar da ciwon hanta ke sawa. Ta ciwon hanta ba ta cikin sharuɗɗan biza, sai ka nema da kanka.

Allurar rigakafinsa uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata shida daga ta farko. Ke nan mai niyyar Hajji, ko ɗalibin da ke jiran tafiya Masar ko Madina, tun rabin shekara kafin tashi ya kamata ya soma. Wanda tafiya ta zo masa bagatatan, akwai tsarin gaggawa na allura uku cikin kwana 21, sannan ta huɗu bayan shekara. Sai a 2004 Nijeriya ta sa ta cikin alluran jarirai, saboda haka duk wanda aka haifa kafin nan ya ɗauka ba a yi masa ba. Ko na bayan nan ma, nawa aka haifa a gida ba a kai su asibiti ba?

Na san wani zai ce, allurar Bature kuma? Shakkar tana da tushe. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a garin nan. Amma a yi adalci. Wancan sabon magani ne ake gwaji. Wannan kuwa tun 1986 ake yin irin ta yanzu, da yis ake haɗa ta, babu jinin mutum a ciki, kuma Saudiyya kanta tun 1989 take yi wa jariranta.

A fara da gwajin jini, domin wanda ƙwayar ta riga ta zauna masa, rigakafi ba zai amfane shi ba. Shi likita zai gani. Akwai magunguna irin su Tenofovir da ke danne ta, ko da yake ba sa kore ta gaba ɗaya. Ya kuma nisanci jiƙe-jiƙen masu lasifika a bayan mota, don hantar da ke fama ba ta buƙatar ƙarin kaya. Ya kai matarsa a auna ta, kuma in an yi haihuwa a yi wa jaririn allura cikin awa 24, saboda kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu, da ita suke girma.

Mu kuma kada mu guje shi. Ba a ɗaukarta ta gumi, ko musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko haɗa kafaɗa a sahu. Rezarsa da burushin haƙorinsa ne ba a aro. Taka rezar kuwa, saye ta tun daga gida, ka sa ta a jaka tare da abin yankan farcenka.

Wassalam.