Wane Suna Ya Dace da Shagon Wankin da Babu Wankau a Cikinsa?

Kalmar laundromat asalinta sunan haja ne. Kamfanin Westinghouse na Amurka ya laƙaba wa injin wankinsa ita a shekarun 1940, inda aka haɗa laundry da automat, sunan gidajen abincin da mutum kan jefa kuɗi a rami ya ɗauki abincinsa ba tare da mai hidima ba. Daga baya sunan ya tashi daga kan inji ya koma kan shago. Ke nan zuciyar ma'anar ita ce rashin ma'aikaci: mai kaya shi ke zuba kayansa, ya jira, ya kwashe.

A nan mai fassara kan yi tuntuɓe. Abin da aka sani a Bebeji da Kiru, ko Tudun Wada da Doguwa, shi ne wanki da guga. Akwai wankau, akwai dutsen guga na gawayi, akwai kuma amana, domin babbar rigar Juma'a ba kowa ake miƙa wa ba. Duk wanda ya fassara laundromat da "shagon wanki da guga" ya mayar da mutum cikin kalmar da aka gina a kan fitar da shi.

Sai a ce ga mawanka, bisa ƙirar marina da maƙera da majema da mabuga. Ƙirar ba ta da aibi, amma kunnen Bahaushe ya fi kai ta ga wankan jiki, kuma ba ta faɗi wanda ke yin aikin ba.

Hausa tana da wata hanyar da ta fi dacewa, wato harɗaɗɗen suna mai siffar umarni, irin tafi-da-gidanka da ake kiran wayar hannu da shi. Bisa wannan, wanke-da-kanka ya ɗauko ainihin abin da automat ke nufi. Harafin "da" kuwa ba ado ba ne, domin in aka cire shi magana ta koma wankin kai, ko kare kai daga zargi.

Ko mutanen Kwanar Dangora za su karɓi sunan, wannan sai ranar da irin shagon ya samu tsayayyiyar wuta da ruwan famfo a can. Kafin nan, masu ƙamus da ɗakunan labarai na da damar yanke shawara tun allunan Turanci ba su riga su ba.