Zancen Wata: Lafiya ita ce babban guzuri

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kaka ta wuce, lokacin bida ya zo. Samarin Ƙonni da Malbaza da Illela sun fara ɗaure kaya, wasu Sakkwato, wasu Legas, wasu har Abijan.

Kwanan baya an tura mu taro a Najeriya, mu koyi karantar da manya ta salula da intanet. Kwana biyu da sauka, zawo da amai suka kada ni. Ciwo a baƙon wuri ya fi zafi: ba dangi, ba mai jinya, guzuri ya ƙare wajen magani.

Ga abin da za ku riƙe:

1. Kafin ku tashi, ku je likita a yi muku allurar ciwon shawara. Tun 2016, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Ku adana takardar, ana tambayarta a iyaka.

2. Kada ku sha ruwan da ba ku san asalinsa ba. Ku wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Ku tuna da kwalarar 2021.

3. In zawo ya kama mutum, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin litar ruwa mai tsabta. Ya yi ta sha, a kai shi likita.

4. Ku rubuta sunanku da garinku da lambar wani ɗan'uwa, ku sa aljihu. Wanda bai iya ba, ya zo ajin yaƙi da jahilci kafin ya tafi.

Allah shi kai ku lafiya, shi maido ku lafiya.