Kambas ɗin da ba ya taka ƙasa

A watan Afrilun 2023, gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da takalman Air Jordan 13 da Michael Jordan ya buga ɗaya daga cikin wasannin ƙarshe na gasar NBA da su a 1998 a kan dala miliyan 2.2. Mutane da yawa sun riƙe baki, wasu suka ce hauka ce. Ni ban ga laifin wannan cinikin ba. Takalmin nan ya sha gumin mutumin da ya sauya ƙwallon kwando, ba shi da na biyu a duniya, kuma mai kuɗi ya sayi tarihi ne kamar yadda ake sayen tsohon littafi. Abin da ke damuna yana can ƙasa, a wajen sababbin takalman da ake fitowa da su daga masana'anta amma a hana su kaiwa ga ƙafar yaron da aka yi su dominsa.

Da farko al'amarin ba haka yake ba. Kamfanin Converse ya fitar da All Star a 1917, kambas na yadi da roba, kuma Chuck Taylor, wanda sunansa ya hau takalmin daga baya, yawo yake yi makaranta-makaranta yana koya wa yara wasa yana tallarsa. Puma ta yi wa Walt Frazier na New York Knicks takalmin Clyde a 1973. Duk wanda ke da kuɗinsa zai shiga kanti ya saya.

Labarin da na fi so shi ne na Air Force 1. Nike ta fitar da shi a 1982, zanen Bruce Kilgore, sannan ta yi niyyar daina yinsa bayan shekara biyu, kamar yadda take yi wa kowane samfuri idan sabo ya zo. Samarin Baltimore suka ƙi yarda. Kullum suna ƙofar kanti suna tambaya, har masu kantuna uku na birnin suka je suka matsa wa kamfanin ya ci gaba da yi masu, launi daban kowane wata. Mutane suka riƙa tasowa daga New York da Philadelphia don su saya. A nan ne tara kambas ya samo tushe: masu so ne suka ceci takalmi daga hannun mai shi, kuma sawa suke yi, su goge shi da buroshi da daddare, gobe su sake fita da shi.

Sai Jordan ya zo. Ya sa hannu da Nike a 1984, Air Jordan 1 ya shiga kasuwa a 1985 a kan dala 65. NBA ta rubuta wasiƙa cewa takalmin baƙi da ja ya saɓa wa ƙa'idar kayan wasa, Nike ta mayar da wannan talla, ciniki ya haura dala miliyan 100 a shekarar farko. Masu bin diddigi sun nuna cewa takalmin da wasiƙar ke magana a kai wani ne daban mai suna Air Ship, amma labarin ya riga ya bi duniya. A 1988 Tinker Hatfield ya zana Air Jordan 3, mai zanen fatar giwa a goshi da dunduniya da 'yar taga a gefe da ake hango jakar iska ta ciki. Kyakkyawan aiki ne, kuma ban zargi wanda ya gan shi ya ƙwallafa rai ba.

A 1994 kamfanin ya sake fitar da tsofaffin samfuran Jordan, suka yi kwantai har aka karya farashinsu. A ganina darasin da aka ɗauka daga nan shi ne kada a sake bari kaya ya wadata. Sai aka koma sanar da rana, a kawo kaɗan, a bar mutane su kwana a layi. A Disambar 2011, ranar da aka sake fitar da Air Jordan 11, an ɓalle ƙofofin kantuna a biranen Amurka, a kusa da Seattle har sai da 'yan sanda suka fesa wa masu layi barkono. Kuma ba wanda zai ce bai san haɗarin ba, domin tun 1989 aka kashe wani yaro ɗan shekara 15 a jihar Maryland saboda takalmin Jordan da ke ƙafarsa, mujallar Sports Illustrated ta yi babban labari a kan irin wannan kisa a 1990.

Yau layin ya koma waya. Ana fitar da takalmi a manhajar SNKRS ta Nike, cikin 'yan mintuna a ce ya ƙare, domin dillalai na amfani da manhajojin da ke saye da kansu fiye da saurin yatsan mutum. Kafin azahar ga shi a kasuwar dillalai ta StockX da ninkin farashi. Mu da muka san 'yan kasuwar da ke saye hatsi da kaka su kulle a sito sai bazara ta yi tsanani, ba sai an yi mana bayani ba. A 2021 wata babbar jami'ar Nike mai kula da Arewacin Amurka ta ajiye aiki bayan Bloomberg ta ba da rahoton cewa ɗanta na gudanar da irin wannan dillanci.

Shi kansa takalmin ba ya jure ajiya. Da yawa daga cikin samfuran da suka biyo bayan Jordan 1 an yi tsakiyar tafinsu da wani soso mai suna polyurethane, wanda danshin iska ke ci a hankali, kuma ya fi saurin cin wanda ba a takawa. Mutum zai buɗe kwalin da ya adana shekara goma sha biyar, takardar ciki ko motsi ba ta yi ba, fatar na ƙyalli, amma yana danna dunduniya da babban yatsa sai ta marmashe ta zube a hannunsa.

Akwai wanda ya ƙi bin wannan hanya tun tana sabuwa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, Jordan na uku. Bayan ya ci kofi sau biyu da Houston Rockets, a 1994 da 1995, lokacin da sunansa zai sayar da komai a kowane farashi, sai ya sa shi a takalmin Spalding na kusan dala 35 da ake samu a kantunan talakawa. Hujjarsa ita ce uwa mai ƙaramin albashi da 'ya'ya maza uku ba za ta iya sayen na dala 120 ba, kuma tsadar na tura yara ga sata. Takalmin bai yi farin jinin na Jordan ba, amma hujjar tana nan daram.

Nike kuwa ta san yadda ake wadata kasuwa idan ta ga dama. Farin Air Force 1 yana kan kanta a kowane lokaci, shekara da shekaru, kuma bai daina sayuwa ba. Ta yi wa tsofaffin Jordan haka, ta yi su da yawan da za su ishi masu nema, dillalai su nemi wata sana'ar.