JIBO BAKARI: SUNA A ALLON TITI BAI BIYA BASHI BA

Mazauna unguwar Talaje a Yamai ba su bukatar a tuna musu da sunan Jori Hamani. Duk jirgin da ya ratsa sararin unguwarsu, filin da ke ɗauke da sunansa ya nufa. Amma a tambayi ɗan lakwal a wannan unguwa ko wane ne Jibo Bakari, sai ya yi tsuru-tsuru. Alhali kuwa mutanen biyu ƴan uwa ne, ƴan garin Sudure, kuma tare suka yi gwagwarmaya a jam'iyyar PPN da aka kafa a 1946.

Jibo malamin makaranta ne da ya koma jagoran ma'aikata. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda talakawa suka laƙaba wa suna Sawaba. Shi ne magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa, a 1956, kuma a 1957 ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa. Da Janar De Gol ya kawo zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, Jibo ya nemi jama'a su ce a'a, su karɓi ƴanci nan take kamar yadda Gine ta yi. Faransa ta ɗaura masa ɗamarar yaƙi, sarakuna da dama suka juya masa baya, a'a ta sha ƙasa. Ya sauka daga mulki, aka haramta Sawaba a 1959, shi kuwa ya yi gudun hijira.

Tarihinsa ba madara zalla ba ne. A 1964 ƴan Sawaba sun shigo ƙasa da makamai, jini ya zuba, gwamnati ta harbe wasunsu a bainar jama'a. A 1965 an jefa wa Jori gurnati a filin idi. Jibo ya komo gida bayan juyin mulkin 1974, amma a 1975 Seyni Kunce ya tsare shi shekaru da dama. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 shi ya zo na ƙarshe cikin ƴan takara takwas, da ƙasa da kashi 2 cikin 100. Ya rasu ranar 16 ga Afrilu 1998.

Me ya sa sunan wani ya cika gari, na wani ya shuɗe? Domin wanda ya riƙe mulki shi ya riƙe rediyo da littafin makaranta. Shekaru talatin ambaton Sawaba na iya kai mutum kaso.

A Oktoban 2024 hukumomin soja sun cire sunan De Gol daga wani babban titi na Yamai, suka sa na Jibo Bakari. Abin a yaba ne. Sai dai a Maris 2025 waɗannan hukumomi suka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya, wato irin hukuncin da aka yanke wa Sawaba a 1959. Ba a girmama mutumin da ya ce a'a ta hanyar toshe bakin masu cewa a'a.

Girmamawar gaskiya ita ce a koya wa yaran Talaje tarihin Jibo da na Jori cikakke, da alherinsa da kurakuransa, a kuma maido wa ɗan ƙasa damar kafa jam'iyya da faɗin ra'ayinsa ba tare da fargabar kurkuku ba. In ba haka ba, allon titi fenti ne kawai, kuma wata gwamnati za ta iya goge shi gobe.