Ciwon suga: Shin katin inshora zai iya raba gardamar gwaji?

Tun daga watan Afrilun 2025 Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta wajabta wa kamfanonin HMO su riƙa amsa buƙatar asibiti cikin sa'a guda duk lokacin da aka nemi lambar amincewa domin yi wa majinyaci wani aiki ko tura shi wurin ƙwararre. A daidai wannan lokaci ne kuma ta ɗaga kuɗin da ake biyan asibiti a kan kowane mai rajista a wata daga Naira 750 zuwa Naira 1,450. Yawancin sharhin da ya biyo baya ya karkata ne ga masu jiran tiyata da matan da naƙuda ta zo musu da gardama, kuma hakan daidai ne. Sai dai akwai wani rukuni na jama'a da ba a cika jin muryarsu ba, domin ba a kwance suke ba. Su ne waɗanda aka ce musu "suganka ya ɗan hau", aka sallame su ba tare da an ce musu suna da ciwon ko ba su da shi ba.

Irin waɗannan mutane sun cika ofisoshin gwamnati da rumfunan Kantin Kwari da Singa. Wani a gwajin kyauta na ranar 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya, aka soki yatsarsa bayan ya karya da koko da ƙosai. Wani kuma a kemis ɗin unguwa aka gwada shi yana tsakiyar zazzaɓi. Ya je ɗakin gwaje-gwaje aka ba shi wata lamba, ya sake zuwa wani aka ba shi wata daban. Daga nan sai shawarwari su yi masa rubdugu: wannan ya ce ya bar shinkafa ya koma acca da alkama, wancan ya kawo masa garin ganye a leda, likita kuma ya rubuta masa metformin ya ce ya dawo bayan wata uku. Idan mutumin yana da katin inshora na kamfani, ko wanda ya saya da kuɗinsa, tambayar da ke gabansa ita ce ko katin zai biya masa kuɗin samun tabbas.

Ƙa'idar da likitoci ke bi wajen yanke hukunci a fili take. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba na aƙalla sa'a 8, aka ɗebi jininsa daga jijiya aka sami 126 ko fiye a ma'aunin mg/dL, wato 7.0 a ma'aunin mmol/L, an shiga iyakar ciwon suga. Haka nan idan aka ba shi ruwan gulukos mai giram 75 ya sha, bayan sa'a biyu aka sami 200 ko fiye. Sai gwaji na uku, HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku da suka gabata, iyakarsa kashi 6.5 cikin 100 ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a matsayin gwajin tantancewa tun 2011. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne sharaɗin da ke biye: mutumin da ba shi da alamun ciwon, wato yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama, ba a yanke masa hukunci da gwaji ɗaya, sai an maimaita. Na'urar hannu da ake sokar yatsa da ita kuwa an yi ta ne domin mai ciwon ya riƙa bibiyar kansa, kuma zafin rana da tsinken gwajin da ya daɗe a kanti suna iya karkatar da sakamakonta. Ko ma'aunan biyu kansu suna rikita mutane. Wanda aka rubuta masa 7.2 a wani asibiti, aka rubuta masa 130 a wani, ya kan zaci an yi kuskure, alhali abu guda aka faɗa masa, sau 18 kawai ake ruɓanya ta farko a sami ta biyu.

Tsakanin lafiya da ciwo kuma akwai wani fili da hukumomin duniya ma ba su daidaita a kan faɗinsa ba. Ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka tana fara ƙirga matakin gargaɗi daga 100, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa daga 110. Mai 105 ke nan lafiyayye ne a littafin wani likita, abin sa wa ido ne a littafin wani.

A nan ne matsalar ta ɗauki kamannin ƙasarmu. Gwajin HbA1c, wanda masu inshora da likitoci ke so domin ba ya buƙatar a kwana da yunwa, ya dogara ne da tsawon rayuwar jajayen ƙwayoyin jini, kimanin kwana 120. Duk abin da ya gajarta wannan rayuwa ko ya tsawaita ta, zai sa gwajin ya yi ƙarya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da nau'in jinin AS, kuma wasu na'urorin gwajin ba sa karanta irin wannan jini daidai. Ga mai sikila, wato SS, gwajin ba abin dogaro ba ne sam. Zazzaɓin cizon sauro da ke fasa ƙwayoyin jini, da ƙarin jini da aka yi kwanan nan, suna iya saukar da lambar har mai ciwo ya zaci lafiyarsa ƙalau. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda ya yawaita a tsakanin mata, yana iya ɗaga ta har a liƙa wa lafiyayyiya ciwon da ba ta da shi. Sannan ga magungunan da ke tayar da suga da kansu, irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake saye a kemis ba takarda, wasu domin ciwon gaɓoɓi, wasu domin neman ƙiba, wasu kuma suna shafa danginsu a cikin man bilicin ba su sani ba. Likitan da ke da minti biyar a kan kowane majinyaci da wuya ya kai ga waɗannan tambayoyi.

Akwai kuma rashin tabbas na biyu, wanda ya fi na farko tsada: an yarda ciwon suga ne, to wane iri? An saba raba shi gida biyu, na farko wanda garkuwar jiki ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin, mai shi ya dogara da allura har abada, da na biyu wanda jiki ke daina jin insulin ɗin yadda ya kamata. Likitocin Afirka sun daɗe suna ganin majinyatan da ba su dace da ko ɗaya ba. Akwai wanda za a kawo shi asibiti a galabaice kamar mai nau'in farko, a ɗora shi a kan allura, bayan 'yan watanni jikinsa ya farfaɗo har likita ya mayar da shi kan ƙwaya. Wani bincike da aka wallafa a 2025, wanda aka gudanar a Kamaru da Uganda da Afirka ta Kudu, ya gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na matasan da aka ce suna da nau'in farko ba su da alamun harin garkuwar jiki da aka san nau'in da su. A shekarar ce kuma Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, mai alaƙa da rashin abinci mai gina jiki tun ƙuruciya. Gwaje-gwajen da ke taimakawa wajen bambancewa, C-peptide da na GAD, ba kowane gari ake yin su ba, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Bambancin kuwa ba na suna ba ne kawai. Tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023, da sauya tsarin kasuwancin da manyan kamfanonin magani irin su GSK da Sanofi suka yi a Najeriya, kuɗin magunguna ya yi tashin gwauron zabi, har insulin ta zama wani haraji na wata-wata a gidaje da dama. Duk da haka, babu wanda ya kamata ya ajiye allurarsa bisa zato, domin ga mai nau'in farko na gaskiya hakan na iya zama ajali cikin 'yan kwanaki.

To, a kan takarda wannan shi ne ainihin aikin da inshora ta fi dacewa da shi. Kuɗi ne da ake kashewa sau ɗaya: maimaita gwaji a ɗakin gwaje-gwaje mai inganci, duba nau'in jini da yawansa, gwajin shan gulukos idan HbA1c ba abin dogaro ba ne, da zama ɗaya ko biyu da ƙwararren likita a wuri irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko wani asibitin kuɗi. Idan aka kwatanta da wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ko yanke ƙafa, ko shan maganin da ba a buƙata na shekara ashirin, ai arha ne.

Amma tsarin biyan kuɗin yana ja ta wata fuskar. Inda ake biyan asibiti ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba, duk ƙaramin gwajin da aka maimaita daga aljihun asibitin yake fita. Manyan gwaje-gwaje da ganin ƙwararre kuma daga aljihun kamfanin HMO suke fita, sai an nemi lambar amincewa. Masu tsaron ƙofar biyu ke nan kowannensu ya fi samun sauƙi da amsa mai arha, kuma babu amsar da ta kai takardar metformin arha. Ba sai an zargi kowa da mugunta ba, lissafi ne ke aiki. Umarnin sa'a guda ya magance jinkiri, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa wuni a benci yana jiran lamba, amma bai taɓa tambayar ko za a amince da gwajin tun farko ba. Kamfani na iya cewa a'a cikin minti goma, ya kuma cika umarnin.

Ga ɗan kasuwar da ke sayen inshora da kansa akwai wani tarko na daban. Tsare-tsaren da bankuna da manyan kamfanoni ke saya wa ma'aikatansu a dunƙule galibi suna ɗaukar cututtuka masu daɗewa. Tsare-tsaren mutum ɗaya kuwa da yawansu suna ware ciwon da aka shigo da shi, ko su sa wa'adin jira na watanni kafin su fara biya, ko su ƙayyade abin da za su kashe a kansa a shekara. Sakamakon haka wani abu ne mai kama da almara: mutum ya yi amfani da katinsa ya tabbatar yana da ciwon suga, ranar sabunta rajista ko sauya kamfani wannan tabbacin ya zama hujjar ƙara masa kuɗi. Wanda kuma aka rubuta wa ciwon a fayil bisa gwajin yatsa guda, yana iya ɗaukar wannan tambari shekara da shekaru ba tare da an sake dubawa ba. Tsarin da ke hukunta mai neman sani yana koya wa mutane su ƙi gwaji, a nahiyar da ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta nuna fiye da rabin masu ciwon ba su san suna da shi ba. Ɓoye abin da aka sani a takardar rajista ma ba mafita ba ce, domin ita ce hujjar farko da kamfani zai riƙe ya ƙi biya ranar da ciwon ya kwantar da mutum.

A ganina gyaran bai fi ƙarfin hukuma ba. Dokar NHIA da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma ba hukumar ikon sa ido a kan dukkan tsare-tsare, har da na kamfanoni masu zaman kansu. Hukumar da ta iya sa wa'adin sa'a guda za ta iya cewa duk wanda gwajin farko ya nuna shakku, gwajin tabbatarwa haƙƙinsa ne a kowane tsari, a biya shi daban ba daga kuɗin wata na asibiti ba. Za ta iya cewa kada a kira wani abu ciwon da aka shigo da shi sai an tabbatar da shi bisa ƙa'ida. Hukumomin jihohi irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, waɗanda ke cirar kuɗi daga albashin ma'aikata duk wata, su ma wannan tambaya tana gabansu. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, abin da zai jawo ɗan kasuwa ya sayi kati shi ne ya ga maƙwabcinsa a rumfa ya amfana da shi tun yana kan ƙafarsa.

Kafin nan, mai katin da ke cikin wannan hali yana da abin yi. Ya nemi kamfaninsa ya ba shi jadawalin abin da tsarinsa ya ƙunsa a rubuce, ya duba sashen cututtuka masu daɗewa da na ganin ƙwararre. Ya je wurin likita da duk takardun gwajinsa da kwalayen magungunan da yake sha, har da na gargajiya da na shafawa, ya kuma faɗi nau'in jininsa tun kafin a tambaye shi. Buƙatar da likita ya rubuta dalilinta dalla-dalla, misali cewa sakamako biyu sun saɓa ko majinyacin AS ne, ta fi wuyar ƙi a kan wadda aka rubuta "gwajin suga" kawai. Idan an ƙi, a nemi dalilin a rubuce, domin da shi ake kai ƙorafi ofishin NHIA na jiha. Mai niyyar azumin Ramadan kuma gara ya fara wannan zirga-zirga wata biyu kafin ganin wata, saboda shawarar da likita zai ba mai matakin gargaɗi ta sha bamban da wadda zai ba mai allura.

Duk wannan ga wanda ba ya jin komai a jikinsa ne. Wanda ke fama da ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari da rama cikin sauri, musamman idan amai ko ciwon ciki ko magagi ya biyo baya, asibiti zai nufa a ranar, ko da lamba ko babu. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin karɓar wanda ke buƙatar kulawar gaggawa.