Kada Mu Bar Makomar 'Ya'yanmu a Teburin Mai Rajista

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista, cibiyoyin kwamfuta sai su cika maƙil. Yaro ya sha layi tun sassafe, a ƙarshe ya zauna gaban mai rajista, a ɗauki hoton yatsunsa, sai a jefo masa tambaya: "Wane kwas?" Ya ɗan yi jim, ya waiwayi abokinsa, ya ce likitanci. Na bayansa suna matsa masa, mai rajista yana sauri, cikin 'yan mintoci an yanke shawarar da za ta bi shi har tsufa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wayar da ke aljihun wannan yaro tana ɗauke da kusan duk bayanin da yake buƙata, ba wanda ya taɓa nuna masa. A shafin JAMB akwai wani kundi da ake kira IBASS. A cikinsa an jera kwasa-kwasai, da makarantun da ke koyar da su, da darussa huɗu da ɗalibi zai rubuta a jarrabawar, da kiredit ɗin da ake nema a sakamakon WAEC ko NECO. Kyauta ne, ban da kuɗin data. A nan mai son zama lauya zai ga cewa jami'o'i da yawa ba za su kalle shi ba sai da Adabin Turanci, mai son injiniya kuma ba shi da makawa daga Lissafi da Fiziks. Yara nawa muka gani sun ci maki mai tsoka amma sun zauna a gida, don kawai darussan da suka haɗa ba su dace da kwas ɗin ba?

Sai dai buɗe wannan kundi a lokacin rajista ya yi latti. Ainihin zaɓin ana yin sa ne tun ranar da yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, aka raba su: wasu kimiyya, wasu fannin adabi, wasu kasuwanci. Ɗan shekara goma sha huɗu ne a lokacin, kuma galibi abokansa yake bi, ko ya bi baban da ya rantse sai ya ga likita a gidansa. Tun ran gini, tun ran zane. Da uban ya zauna da ɗansa rabin sa'a sun duba, da sun ga cewa asibiti ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba. A Jami'ar Bayero ma ana karanta gashin ƙashi, da gwaje-gwajen asibiti, da ɗaukar hoton marasa lafiya, kowanne da digirinsa da lasisinsa.

Ga wanda bai ma san inda zuciyarsa ta karkata ba, akwai shafin My Next Move na Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka. Tambayoyi zai amsa a kan abin da yake so da wanda ba ya so, sai a nuna masa irin ayyukan da suka dace da halinsa, bisa rabe-rabe shida da masanin halayyar ɗan'adam John Holland ya tsara. Yana da amfani, amma a yi hattara. Da Turanci yake, albashin da ke ciki da dala ne, kuma kasuwar Amurka aka auna. Bai san dillalin hatsi a Dawanau ba, bai san mai haɗa sola a Kaduna ba. A yi amfani da shi don sanin kai. Sanin kasuwarmu kuwa sai a leƙa Jobberman ko LinkedIn, ba don neman aiki ba tukuna, don a karanta tallace-tallacen a ga me masu ɗaukar ma'aikata suke nema. Wanda ya karanta guda ashirin zai lura cewa suna yawan tambayar me ka iya, ba me ka karanta kaɗai ba. Mai sha'awar fasahar zamani ya duba shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023.

Macuta ma suna nan. Saƙon WhatsApp mai cewa ana ɗaukar ma'aikata a Kwastam ko Shige da Fice, a tura kuɗin fom, a zubar da shi kawai. Hukumomin sun sha sanar da cewa neman aikinsu kyauta ne, kuma adireshin shafukan gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa.

Wani abu kuma waya ba za ta iya ba. Bidiyon YouTube zai nuna wa yarinya farar rigar nas, ba zai nuna mata aikin dare ba, lokacin da gado goma ke jiran hannu biyu. A kai ta ta zauna da wadda ta daɗe tana yi. Mai son gyaran waya ya wuni a Farm Centre a Kano, mai son ƙere-ƙere ya wuni a Panteka a Kaduna, ya ji zafin walda, ya tambayi maigidan shagon nawa yake samu da kuma shekara nawa ya yi yana koyo. Gani ya kori ji.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yi maganar samar da malaman ba da shawara a makarantu. A yawancin makarantun gwamnati da na sani, ofishin sunansa kawai ya rage, ko an ɗora wa malamin da darussa suka riga suka yi masa yawa. Don haka ina roƙon shugabannin makarantu su ware rana ɗaya a zangon ƙarshe na aji uku na ƙaramar sakandare, a buɗe IBASS gaban ɗalibai, a gayyato nas da makanike da akanta da tela su yi musu bayani da Hausa. Ku kuma iyaye, kafin a raba ajin bana, ku karɓi wayar nan ku zauna tare da yaran ku duba.