Yawun Ƙuda Ma Abin Bincike Ne

Sau da yawa idan muna hira a ɗakin kwanan ɗalibai, sai ka ji wani ya ce duk binciken da ba ya kawo magani ko abinci nan take ɓarnar kuɗi ne. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da wani siririn tantani na maiƙo. A da, katanga kawai aka ɗauke shi. A 1953 wasu mata da miji a Kanada, Mabel da Lowell Hokin, suka lura cewa idan aka zuba sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi a kan yankan fankiriyas na tantabara, sai wani ɗan kason maiƙon ya shiga sabunta kansa da sauri. Me ya sa? Aka yi fiye da shekara 20 ana lalube. Sai a 1975 Robert Michell na Ingila ya ce lallai abin yana da alaƙa da ƙaruwar kalshiyam a cikin ƙwayar.

Wanda ya fi burge ni shi ne Michael Berridge na Kambirij, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda wani irin ƙuda ke fitar da yawu. Mai karatu, da a unguwarmu ne, ai da an ce ya zautu! Amma wannan aiki ne ya kai shi da abokan aikinsa ga gano sirrin a 1983. Idan saƙo ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙwayar, sai a tsaga maiƙon gida biyu. Kashi ɗaya, wato IP3, ya shige ciki ya buɗe rumbun kalshiyam, ɗayan kuma ya tsaya a tantanin ya tayar da wani furotin da Yasutomi Nishizuka ya gano a Japan. Ashe katangar har aike take kaiwa.

To ina ribar? A 1988 Lewis Cantley da mutanensa a Amurka suka gano furotin PI3K, mai sarrafa irin wannan maiƙo, wanda daga baya aka ga yana zarce ƙa'ida a cikin kansa iri-iri. A 2019 Amurka ta amince da alpelisib, maganin da ke taka masa birki, domin wasu masu kansar mama.

Daga tantabara zuwa wannan magani shekara 66 ke nan. Da an tambayi su Hokin a 1953 wace cuta aikinsu zai yi wa magani, ba su da amsa, kuma da abokan hirar tawa ne ke rabon kuɗin, da tuni sun sallame su.